GARDAMAR MAKAƊAN WAYA

Jama'a, masu iya magana sun ce zamani riga ne. A zamanin iyayenmu, in ka ga samari sun ja daga a bakin kasuwa, jijiyar wuya ta tashi, to, galibi gardama su ke yi a kan ko Mamman Shata ya fi, ko Musa Ɗanƙwairo. Yau kuwa in ka tarad da makaɗan kwalejin nan sun haɗa kai, kowa da waya a hannu, murya ta yi sama, gardamarsu a kan manhajar kiɗa ce, watau wacce ta fi kyau cikin 'yan dabarun nan da a ke zubawa a wayar hannu ko a kwamfutar allo don a haɗa kiɗa da su. Shekara biyu ke nan ina riƙe da aikin magatakardan ƙungiyar makaɗa da mawaƙa ta kwalejinmu, saboda haka kusan duk gardamar a gabana aka yi ta. Ni ban iya kaɗa kome ba sai tafi, amma ina da kunne, ina kuma da littafin rubuta abin da aka tattauna. Shi ya sa na ga ya kamata in tsakuro muku kaɗan daga ciki, in kuma faɗi inda ni na tsaya.

Kafin mu shiga gardamar, bari in yi wa dattawan malamanmu ɗan bayani, gama na san waɗansunsu za su ce, "Wane irin kiɗa ne kuma a cikin waya?" A da, wanda ya ke so a ɗauki waƙarsa sai ya tattaro makaɗansa da 'yan amshinsa duka, a shiga gidan rediyo, a yi ta gaba ɗaya. In ɗan amshi guda ya yi tari a tsakiya, ko dai a bar tarin nan a faifai har abada, ko a koma farko. Daga baya sai Turawa suka ƙago dabarar ɗauka layi layi. A ɗauki ganga ita kaɗai a layi guda, sa'an nan mai garaya ya saurari gangar ya ɗora nasa a layi na biyu, mai waƙa ya zo ya hau na uku, kamar yadda masaƙi ya ke ɗora zare bisa zare har ya fid da zane. In layi ɗaya ya ɓaci, shi kaɗai za a sake. Mawaƙan nan na Ingila da a ke kira Beatles, da injuna masu layi huɗu kacal suka ɗauki shahararren faifansu Sgt. Pepper a 1967. A 1979 kamfanin Tascam ya fito da ƙaramin inji mai ɗaukar layi huɗu a kaset, mutane suka ga abin mamaki. Yau manhajar GarageBand ta cikin waya tana ɗaukar layi 32. Watau abin da dā sai an cika ɗaki da injuna, ga shi yanzu a aljihun ɗan makaranta, tare da kuɗin cin rana.

Kada kuma wani ya zaci wasan yara ne. A 2010 Damon Albarn, shugaban ƙungiyar Gorillaz, ya haɗa faifai sukutum mai suna The Fall da iPad, yana cikin yawon wasa a Amurka. A 2017 wani saurayi ɗan Amurka, Steve Lacy, yana da shekara 18, ya haɗa kiɗan ɗaya daga cikin waƙoƙin faifan DAMN. na Kendrick Lamar da wayarsa ta iPhone. Faifan nan kuwa shi ne ya ci kyautar Pulitzer a 2018. Ashe ke nan ƙanƙantar tukunya ba ta hana miya daɗi.

To, mu dawo gida. Ku kun sani kwalejin nan tamu a ƙasar Yarabawa ta ke, ƙungiyarmu kuwa ta tara kowa da kowa, da Hausawa, da Yarabawa, da Ibo, da Nufawa, da Tibi. Ran Asabar da la'asar mu kan taru a gindin mangwaron nan na bayan babban zaure. Masu jan gardamar su huɗu ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko da ya ke na san da yawanku za ku gane su.

Na farko shi ne mai fiyanonmu, Bayarabe, wanda ya koyi kiɗa tun yana yaro a ƙungiyar mawaƙan majami'arsu. Wansa da ke aiki a Ikko ya ba shi tsohuwar iPad, tun daga ran nan ba ya jin maganar kowace manhaja sai GarageBand. Kamfanin Apple ne ya yi ta, ya fito da ita don kwamfuta a 2004, sa'an nan ya kawo ta iPad da iPhone a 2011. Abin da ya ke so game da ita, in ji shi, gilashin allon ya kan rikiɗa ya zama abin kiɗa. Ka taɓa nan ya zama fiyano, ka taɓa can ya zama jita mai tsarkiya shida, ka sake taɓawa ga ganguna a jere. Mutumin da yatsunsa suka saba, sai ya kaɗa kawai, manhajar ta ɗauka. Ga shi kuma ba a biyan ko kwabo. Duk sa'ad da ya kai nan sai jama'a su yi masa caa, gama manhajar ba ta shiga kowace waya sai ta Apple, alhali kuwa galibinmu masu Android ne, irin su Tecno da Infinix da itel. Wata rana wani ya ce masa, "Ɗan'uwa, wannan kyauta taka ai linzami ce. Sai mutum ya sayi doki tukuna a ba shi."

Na biyu wani ɗan Kaduna ne, wanda in an yi hutu ya kan je ya yi yaron situdiyo. Shi kuwa ba ya rantsuwa sai da FL Studio Mobile, wadda kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya yi. Yayarta ta kwamfuta, wadda aka fara sani da suna FruityLoops tun ƙarshen shekarun 1990, ita ce makarantar da masu haɗa kiɗa da yawa na ƙasar nan suka yi karatu a cikinta. Yadda ta ke aiki, in ka san wasan dara to ka gane ta. Allon ya kan fito da gurabu a jere, layi bisa layi. Kowane layi ganga guda ce, kowane gurbi kuwa lokaci ne, galibi gurbi 16 a zagaye ɗaya. Inda ka aza ɗa, nan gangar za ta buga, inda ka bari fanko ta yi shiru, in an kai ƙarshe a komo farko. Haka kuma a ke zana muryoyin fiyano da ɗan yatsa, wannan gajere, wancan dogo. Saboda haka wanda bai taɓa zama gaban fiyano ba, muddin akwai kiɗa a kansa, yana iya fid da shi. Sayenta a ke yi, amma sau ɗaya, tana shiga Android, ba ta kuma bukatar intanet in za a yi aiki da ita. Mai fiyano ya kan taɓe baki ya ce wannan lissafi ne, a kai shi ajin malamin lissafi. Ɗan Kaduna kuwa ya ce, "Na ji. Amma in an sa lissafin nawa, wa ke fara tashi rawa in ba kai ba?"

Akwai dalilin da ya sa masu ƙananan wayoyi da yawa su kan fi son zana kiɗa a gurabu bisa ga kaɗa shi da hannu, shi ne jinkiri. In ka taɓa gilashi, sai wayar ta yi 'yan lissafce-lissafcenta kafin sauti ya fito. A waya mai ƙarfi jinkirin ba ya kai kunne ya lura. A waɗansu masu araha kuwa ya kan kai kashi ɗaya cikin goma na sakan, ko fiye. A magana wannan ba kome ba ne, amma ga makaɗi tamkar ka taka ƙasa ne ka ji ba ta nan sai daga baya. Tun 2017 masu Android suka yi gyara mai yawa a kan wannan, duk da haka wayoyi suna suka tara. Abin sauraro marar igiya, na Bluetooth, shi ma ya kan ƙara nasa jinkirin. Ka ga ke nan wani sashi na gardamar a aljihu ya ke tun kafin a kai ga kunne.

Ta uku ita ce zabiyarmu, Banufiya 'yar aji biyu, mai murya kamar sarewa. Ita BandLab ta riƙa. Wannan wani kamfanin Singafo ne ya kafa ta a 2015, a 2024 kuwa ya ba da sanarwa cewa masu rajista da ita sun haura miliyan 100. Hujjojinta uku ne, ta kan lissafa su da yatsu. Na ɗaya, ana fara aiki da ita kyauta, kuma ba ta zaɓen waya. Na biyu, abin da ka ɗauka a intanet ya ke ajiye, ko an zare maka waya a tashar mota waƙarka tana nan. Na uku, wanda ya fi mata duka, mutum biyu suna iya aikin waƙa ɗaya alhali kowa yana garinsu. Tana da ƙawa a wata kwaleji can Arewa, ita ta kan yi jagora a nan da dare, kafin gari ya waye ƙawar ta ɗora amshi. Masu suka su kan ce mata ai abin yana shan data, in kuma sabis ya ɗauke an tsaya. Su kan kuma tsokane ta da maganar na'urar gyaran murya da ke ciki. Asalin irin wannan dabara ita ce Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, wanda ya ƙago ta kuwa, Andy Hildebrand, dā aikinsa sauraron amon ƙarƙashin ƙasa ne don neman man fetur. Aikinta shi ne ta ja muryar da ta kauce ta mai da ita kan mataki mafi kusa. Suka ce mata ta dalilin abin nan yanzu duk mawaƙa muryarsu ɗaya, kamar 'ya'yan uwa guda. Ta ce, "Kwalli ba ya ba makaho ido. Amma mai ido in ya ɗan zizara, laifi ne?"

Na huɗu wani ɗan Tibi ne mai shiru-shiru, sai a yi zama uku bai ce uffan ba. Tasa manhajar Koala Sampler ce, wadda wani mutumin Landan, Marek Bereza, ya fito da ita a 2019. Ita kunne ce zalla. Tana da 'yan akwatuna 64, ka danna ɗaya ka riƙe, duk abin da ya yi ƙara kusa da wayar ya shiga ciki, in ka sake taɓawa ya fito. Ran da aka matsa masa ya faɗi hujjarsa, bai yi magana ba, sai ya kunna mana wani kiɗa. Muka kasa kunne. Can wani ya ce, "Af, ai wannan luguden matan kicin ne!" Ashe turmi da taɓarya ya ɗauka, da ƙararrawar shiga aji, da murfin tukunya, da kukan kwaɗin rafin bayan ɗakunan kwana, ya jera su suka zama kiɗa. Muka yi dariya har da hawaye, daga nan kuma muka ga ƙafafunmu suna motsi ba da shawararmu ba. Da ya kai wa matan kicin suka ji, babbarsu ta ce, "Ɗan nan, ashe mun daɗe muna kiɗa ba a biyanmu!"

Ni da na ke zaune gefe da alƙalami, abin da na lura shi ne kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Mai yatsu ya yabi wadda ke bin yatsu, mai kiɗa a ka ya yabi wadda ke bin tunani, mai murya ta yabi wadda ke kai murya nesa, mai kunne ya yabi mai kunne. Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɓata muku takarda ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru sa'ad da aka ce mu shirya waƙar bankwana ta 'yan ajin ƙarshe.

Muka shirya za a yi ta da harsuna uku, muka kuma ce baitin Hausa lalle sai da kalangu. Ba mu da mai kalangu a ƙungiya. Amma kun san kusan kowane babban garin Yarabawa yana da unguwar Sabo ta Hausawa, irin ta Badun wadda aka kafa tun 1916, inda kuwa akwai Hausawa akwai mahauta, kalangu kuwa tun asali kiɗan mahauta ne. Na je Sabon garinmu na yi sallama da wani dattijo, makaɗin mahautan wurin, wanda ya gaji abin daga ubansa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Ɗana, 'yan boko ne ke neman kalangu? To, madalla, ina zuwa."

Ya zo da dare, bayan an kashe janareta, muka shiga wani aji muka rufe tagogi. Ɗan Kaduna ya ce, "Baba, ba za mu wahalshe ka ba. Bugu uku kawai mu ke so, ɗaya sama, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙasa." Tsoho ya dube shi, bai ce kome ba, ya buga ukun. Yaro ya yanka su, ya jera a gurabunsa, cikin minti goma ya haɗa abin da ya ke jin taken mahauta ne, ya kunna yana murmushi. Baba ya rufe ido ya saurara har ƙarshe. Sa'an nan ya ce, "Yaro, fatar tawa ce, na ji ta. Amma wannan kalangu bebe ne. Bai ce kome ba."

Mai karatu, ga inda gizo ke saƙa. Kalangu ganga ce mai baki biyu, siririya a tsakiya, tsarkiyoyi sun haɗa fatar wannan baki da ta wancan. Makaɗi ya kan saƙale ta a hammata. In ya matse tsarkiya fata ta ɗaure, murya ta hau, in ya sassauta ta sauka. Sau da yawa ma bayan makaɗin ya riga ya sauka a kan fata ne ya ke matsawa ko sakewa, sai ka ji sautin ya lanƙwasa yana tafe. Harshenmu kuwa da hawa da saukar murya ya ke rarrabe kalmomi. Kuka na hawaye da kuka ta miya, baƙaƙensu ɗaya, murya ce ta raba su. Haka wuya da a ke rataya wa dutsen ado da wuya ta wahala. Wannan hawa da sauka shi kalangu ya ke bi har ya kira sunan mutum, ya yi masa take da kirari, mai shi ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Fiyano kuwa, da duk manhajojin da aka gina bisa tsarinta, matakala ce mai hawa 12 daga wata murya zuwa 'yar'uwarta ta sama. Kalangu gangara ya ke bi, yana ratsa tsakanin matakan. In ka yanko bugu uku ka jera, ka sami duwatsu uku daga gangaren, amma hanyar ta ɓace.

Abin mamaki, wanda ya fara gane nufin tsohon shi ne mai fiyano. Ya yi zumbur ya ce haka gangan da dundun na garinsu su ke, harshensu ma murya uku gare shi, kakansa ya kan ji abin da ganga ta ce kamar yadda mu ke jin rediyo. Shi da ba ya jin Hausa sosai, shi ya zama tafinta tsakanin Bahaushen tsoho da Bahaushen yaro.

Aka ce to, a ɗauki Baba yana kaɗawa sosai. Aka sa masa abin sauraro a kunne, aka kunna ɗan ƙas-ƙas ɗin nan mai ƙidayar lokaci, wanda kowace manhaja ta ke da shi don kowa ya bi. Bai yi bugu biyar ba ya cire ya ce, "Wane ne wannan ke ƙwanƙwasa ƙofa tun ɗazu? Ku buɗe masa mana." Da aka yi masa bayani ya ce shi mai waƙa ya ke bi, da ƙafar mai rawa, bai taɓa bin agogo ba. Gaskiyarsa kuwa. Manhajojin nan suna da wata dabara mai jan kowane bugu ta aza shi daidai kan layin gurbi. Ga mai koyo taimako ce. Amma gwanin makaɗi da gangan ya kan riga layin da ɗan ƙiris, ko ya bar shi ya wuce, ya kan kuma jefa bugu uku inda abokinsa ke yin biyu. Gishirin kiɗan a nan ya ke. In ka daidaita shi, ka wanke miyar.

Sa'an nan tsoho ya ajiye kalangu a cinya, ya yi tambayar da ta kashe mana baki. Ya ce dā in kaka ta yi ba ya kwana gida sati guda cur, daga wannan biki sai wancan suna. Yanzu kuwa masu biki yaro guda su ke ɗauka da manyan lasifika, shi ke nan. Ya ce, "To, 'ya'yana, in kun ɗebi bugun nan nawa kun zuba a kwalba, kuna tsiyayawa duk sa'ad da kuka so, ku kuma ba abokanku su tsiyaya, gobe wa zai aiko a kira ni?"

Ɗaki ya yi tsit. Duk cikin gardamar wata da watanni, ba wanda ya taɓa kawo wannan. Zabiya ce ta fara magana, ta ce, "Baba, ka faɗa mana yadda ka ke so, mu 'ya'yanka ne." A daren nan muka yanke shawara huɗu, na rubuta su a littafin ƙungiya, na karanta masa ya amince. Na ɗaya, bugu ukun nan da aka yanka a share su a gabansa. Na biyu, kiɗansa a waƙar nan kaɗai za a yi amfani da shi, in ana son wata sai a koma a same shi. Na uku, duk inda waƙar ta je sunansa yana jikinta. Na huɗu, a biya shi ladan daren, ran bikin kuma a gayyace shi ya kaɗa a gaban jama'a, abin da aka yi masa kari nasa ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma ta san da haƙƙin makaɗi bisa abin da ya kaɗa, amma mu kunya ce ta riga doka isowa.

Aka kashe ƙas-ƙas. Zabiya ta tsaya gabansa ta ja baiti, shi kuwa ya bi ta, waya tana gefe tana saurare, aka ɗauka tiryan-tiryan ba yanka. Wannan ya zama harsashi, sauran duka suka yi gini a kansa. Ɗan Kaduna ya bar gurabunsa ya bi tsohon da yatsa, bugu bugu, kwana biyu yana fama. Ɗan Tibi ya sa turminsa can ƙasa. Mai fiyano ya ce bari ya ƙara goge, ya buɗe wani abin kiɗan Sinawa mai suna erhu, wanda Apple ya ƙara a GarageBand a 2016. Ɗan'uwan goge ne, da baka a ke goga shi, sai dai shi tsarkiya biyu gare shi da fatar mesa, goge kuwa tsarkiyar izga guda da fatar guza. Da Baba ya ji ya ce, "Wannan goge yana da kyau, amma mura ta kama shi." Duk da haka ya ce a bar shi. Kafin a gama, waƙar nan ta ratsa manhajojin huɗu duka, ana tura ta daga waya zuwa waya, ba wanda ya sake tambayar wacce ta fi.

Zancen erhu ya tsaya mini a rai. Masu yin manhaja sun zauna sun koya wa gilashi yadda gogen Sinawa ke lanƙwasa murya, bayan shekara guda suka ƙara koto da gangunan taiko na Japan. Watau abin mai yiwuwa ne. Amma kalangun da za ka matsa ka sake a kan gilashi, ko kotso, ko gurmi, ban gan su cikin jerin ba. Ko ka sami wata gangar Afirka a ma'ajiyar sauti, galibi bugu ne ƙwaya ɗaya da wani ya naɗa a wata ƙasa. Tun ƙarshen shekarun 1990 da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, an yi yara da yawa waɗanda suka san algaitar fiyano kafin su ga algaita ido da ido. Ba wanda zai gyara mana wannan daga waje. 'Yan'uwanmu na sashen kwamfuta da ke neman aikin ƙarshen shekara, ga aiki nan a ƙofarku, in dai za ku fara da zama gaban masu abin, ku kuma yi musu adalci.

To, in ka tsare ni ka ce, "Magatakarda, bar kewaye-kewaye, wacce ta fi?" sai in ce wadda ta iya saurare. Kafin ka zuba kowace manhaja a wayarka, yi mata tambaya uku. Tana ɗaukar sauti na gaske daga waje, mai tsawo, ba tare da ta yanka shi ba? Tana yarda ka kashe mata ƙas-ƙas da mai daidaita bugu da mai gyaran murya, in ba ka bukatarsu? Tana barinka ka fid da aikinka ka kai wata manhaja, ko ka ajiye a wani wuri? In ta amsa ukun nan, ta kuma shiga wayar da ke hannunka, riƙe ta, ka daɗe da ita har ka san ta ciki da bai. Mai canza manhaja kowane sati kamar mai haƙa rijiya goma ne, kowacce kamu ɗaya.

Ga kuma 'yan dabarun da muka tsinta, ko za su amfani wani. Nemi ɗaki mai labule da katifu, gama bango tsirara yana mai da amo. Rufe layin waya kafin ka fara, kada kira ya shigo tsakiyar baiti. Bar tazarar taƙi guda tsakanin baki da waya, ganga kuwa a ba ta kamu biyu ko fiye, in ba haka ba sautin ya fashe. Yi aiki da abin sauraro mai igiya. In ka gama, fid da aikin a siffar WAV, wadda ba ta rage sauti kamar MP3, ka ajiye shi wuri biyu. In kuwa muryar wani ko kiɗan wani za ka ɗauka, nemi izininsa tukuna, ka gaya masa inda za ka kai.

Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, ɗan gwangwani da aka rufe da fata, tsarkiya ɗaya tak. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talaka da ma'aurata, har yau ana saurare. Abin kiɗansa ɗan ƙarami ne, layi 32 kuwa bai taɓa bukatarsu ba, gama yana da abin faɗa, ya kuma san mutanen da ya ke faɗa wa. Wanda ya ke da waɗannan biyu, kowace manhaja ta ishe shi.

Iyakar abin da na gani ke nan. Na san masu GarageBand da masu FL Studio ba za su bar ni in sha ruwa ba in mujallar nan ta fito. To, fili a buɗe ya ke, kowa ya ɗauki alƙalami ya aiko wa Edita da tasa hujjar, mu sha karatu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu kunnen saurare.